Wa Ke Jiranka Gobe da Safe?

Ɗana, 'yata, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku 'yan shekarun nan, wadda a da sai tsohon da ya daɗe yana jinya ke faɗinta: "Na gaji." Yaro ɗan shekara 26, ƙafarsa lafiya, idonsa garau, zai zo ya zauna a kan bencin ƙofar shagona, ya yi shiru har in gama ɗaura bel a keken ɗinkin da ke gabana, sannan ya ce, "Baba, ni fa ban ga amfanin zamana a duniya ba." Wani ma ba ya faɗi. A tafiyarsa ake gani, da sumar da ya bar wa kansa, da yadda yake sauya hanya in ya hango abokin karatunsa a mota.

Ba na yi wa mai wannan magana faɗa, domin na san inda ta samo asali. Yaro ya shiga jami'a da lissafin shekara huɗu, yajin aikin malamai na 2020 ya cinye masa wajen wata tara, na 2022 ya kwashe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ya gama da ƙyar, ya yi bautar ƙasa, ya dawo da takardunsa a leda, ya tarar an janye tallafin mai tun Mayun 2023, kuɗin motar zuwa neman aikin ma ya zama aiki. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a tambaye shi wa ya turo shi. Wanda bai yi boko ba kuwa, gonar gadonsa tana bakin daji, shekara nawa ke nan ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga. Duk wannan gaskiya ne. Dattijon da ya ce muku ba komai ba ne, bai yi muku adalci ba.

Amma ku ba ni aron kunnenku, domin ni ma na taɓa zama a inda kuke zaune, kuma na daɗe a wurin.

Shekara 14 na yi ina gyaran injuna a wata masaƙa a Kaduna. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba: in aka tashi ma'aikata, titi ba ya ƙetaruwa saboda kekuna, masu abinci da masu shayi kowa na ciniki. Wata safiya muka je muka tarar da ƙofa a garƙame. Aka ce mu koma gida, za a neme mu. Ina da shekara 39, da mata, da 'ya'ya biyar. Watannin farko ina fita kullum, daga wannan kamfani zuwa wancan, har takalmina ya cinye. Daga baya fitar ta ragu. Daga baya na daina gaba ɗaya. Ina kwance a ɗaki, fuskata na kallon bango, ina jin matata tana rage murya in yara sun tambayi kuɗin makaranta. Kayan ɗakinta suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa ce mini uffan ba, shirun nan nata kuma ya fi zagi ciwo. Na daina zuwa suna, na daina zuwa ɗaurin aure. Jana'iza kaɗai nake zuwa, ita ma a sahun baya nake tsayawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na ji ina yi wa wanda ke cikin makara sha'awa.

Masu ba da haƙuri sun zo, Allah ya saka musu. Kowa ya ce komai nisan dare gari zai waye. Na san gaskiya suka faɗa, amma maganar ba ta ɗaga ni daga tabarma ba. A zuciyata abu ɗaya nake jira: a biya mu haƙƙinmu. In aka biya mu zan ja jari, in aka biya mu zan koma mutum. Abokan aikina da dama sun rasu suna wannan jira.

Abin da ya tashe ni ƙaramin abu ne, har ina jin nauyin ba da labarinsa. Muna da maƙwabciya, mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu, da ɗinkin kayan yara take ciyar da su. Ana saura kwana goma salla kekenta ya tsaya, ga yadin mutane jibge. Ta aiko babban ɗanta da kan keken a ɗaure cikin zane. Ya durƙusa ya ce, "Inna na gaishe ka, ta ce don Allah a duba mata, an ce Baba ya san inji." Na ce ya ajiye a zaure. Kwana biyu ban taɓa shi ba. Yaron nan kuwa safe da yamma sai ya zo ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, an gyara?" A rana ta uku kunyar yaron ta fi ƙarfina. Na ɗauko sukudireba da ɗan tsumma da man keke, na kwance shi. Ba wani abin kirki ne ya lalace ba: datti ne ya toshe ƙasa, wani ƙaramin ƙarfe kuma ya goce daga saitinsa, shi ya sa zare ke tsinkewa. Awa biyu na yi. A daren nan ina kwance ina jin ƙarar keken ta bayan katanga, tana ɗinki har lokacin sahur. Na tashi na ci abinci da yawa, abin da na yi watanni ban yi ba.

Ni a zatona sai zuciya ta fara samun ƙwarin gwiwa sannan jiki ya tashi. Ashe sau da yawa hannu ne ke yin gaba, zuciya ta biyo shi a hankali, tana ɗingishi. Tambayar da na kwana ina yi wa kaina, wato mene ne amfanina a duniya, ta yi wa mai kwance girma. Ba ya iya ɗaukarta, danne shi take yi. Wadda yaron nan ya kawo mini ita ce daidai ƙarfina: akwai wanda ke jirana, kuma abin da yake jira yana hannuna. Daga wannan keke wata ta ji labari ta aiko nata, tela ya aiko nasa, har na kafa benci. Ban yi arziki ba, kada in yi muku ƙarya. Matsayin da nake da shi a masaƙa bai dawo ba, kuma akwai 'ya'yana da ban iya kai su inda na so a karatu ba. Amma tun daga ranar ban sake wayar gari ina tambayar dalilin tashina ba.

Shi ya sa abin da ya fi ba ni tsoro a kanku, fiye da rashin kuɗin kansa, shi ne yadda kuke jingine rayuwa gaba ɗaya a kan abu guda da ba a hannunku yake ba. In na samu aikin gwamnati. In biza ta fito. In ɗan siyasarmu ya ci zaɓe. Mutum ya mai da shekarunsa mafi ƙarfi zaman jiran layi, kullum yana majalisa daga hantsi zuwa magariba, ana shayi ana zagin shugabanni. Zagin ma sau da yawa sun cancance shi, sai dai shekarun da ke tafiya naka ne. Ku tuna Nana Hajara a kwarin Makka, ita da jariri, ruwa ya ƙare, ba kowa. Ta hau Safa ba ta ga komai ba, ta nufi Marwa ba ta ga komai ba, ta sake komowa, har sau bakwai. Ruwan bai fito a kan Safa ba, bai fito a kan Marwa ba, a wajen yaron ya ɓullo. Duk da haka gudun nan nata ne aka ɗora wa kowane alhaji ya maimaita har yau. Ni abin da na fahimta a nan shi ne, kai dai naka motsi, inda buɗin zai ɓullo kuwa ba kai ke zaɓa ba.

Ɗana mai digiri, na san abin da ke riƙe ka. Kana jin in aka gan ka kana koyon gyaran waya a Farm Centre, ko kana ɗaukar lissafi a shagon wani a Kantin Kwari, ko kana bin mai haɗa sola kana riƙe masa tsani, za a ce karatun ya tashi a banza. Masu faɗin haka ba za su ciyar da kai ba, kuma bayan wata biyu sun manta da kai sun koma kan wani. Takardarka ba ta ruɓewa don ka riƙe sukudireba. Ka ci gaba da neman aikin da ka karanta, amma ka neme shi kana tsaye da ƙafarka. Na lura da wani abu cikin shekarun nan: mai neman wanda zai damƙa wa amana ba ya zuwa majalisa, wurin da ake aiki yake dubawa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

To, daga ina mutum zai fara in yana ganin ba abin da ya rage masa? Dangin mahaifiyata mutanen Maraɗi ne, kuma a wajensu na ga amsar. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, gonakin yankin sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa, ana dasa itatuwa suna mutuwa. Wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara suna ɗauka ciyayi ne, ashe tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka koma zaɓar toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Manoma suka riƙa koya wa juna, har aka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a kudancin Nijar, galibi ba tare da an dasa sabo ba. Haka nake so ka yi wa kanka. Ka zauna da takarda ka rubuta abin da bai mutu ba: ka iya lissafi, ka haddace izu kaza, hannunka na jin gyara, kana da kawu mai shago, mutane na sakin jiki su gaya maka damuwarsu. Kada ka kama duka, mai kama goma ba ya riƙe ko ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ko biyu, ka ba su wata shida kana yi kullum, sannan ka nemi wanda abin zai amfana. Yaran unguwarku da ke faɗuwa lissafi suna nan. Tsohon da ba shi da mai raka shi asibiti yana nan.

Cikin itatuwan da suka dawo a gonakin nan akwai gawo, kuma ina so ku riƙa tuna halinsa duk lokacin da kuka ɗauki waya. Da damina, kowane itace ya yi kore shar, gawo na tsaye ba ganye, kamar busasshe. Sai rani ya yi, kowa ya kaɗe, sannan shi ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa. Wanda bai san shi ba zai sare shi a watan Agusta ya ce ya mutu. Kuna kwana kuna kallon hotunan sa'o'inku a Facebook da TikTok, wannan ya yi mota, waccan an kai lefe akwati goma sha biyu, sai ku yanke wa kanku hukuncin cewa an wuce an bar ku. Ba wanda ke ɗora hoton bashin da ke kansa, ko daren da ya kwana yana kuka. Kuma wa ya ce dole kowa ya yi ganye a wata ɗaya? Malam Aliyu Namangi ya makance tun yana ƙaramin yaro. A lissafin mutane an gama da shi. Shi ne ya bar mana Imfiraji, wadda har yau ake rerawa, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Wanda ya ɗebe tsammani yana da sauƙin farauta, masu farautarsa kuwa sun san shi sarai. Mai ƙwaya zai ce ka sha ka manta. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma waɗanda ya riga ya cinye muna ganinsu a lungu, damuwar da suka gudu daga gare ta na nan, sun ƙara mata wata. Mai cacar ƙwallo a waya zai ce saura ƙiris ka ci. Masu cewa kawo dubu goma ka karɓi ashirin sun kwashe mutane a MMM a ƙarshen 2016, kuma kowace shekara suna dawowa da sabon suna. Mai haɗa tafiya zai ce arziki na bayan hamada. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ba na hana ku tafiya neman halal, kakanninmu fatake ne, har Gwanja suke zuwa sayen goro. Amma su sun san hanya, sun san wanda za su sauka a wurinsa. Duk shawarar da ka yanke a daren da ka fi jin ƙunci, ka bar ta ta kwana uku, ka kuma gaya wa mutum ɗaya mai hankali kafin ka aikata. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

'Yata, naki ya fi na ɗan'uwanki namiji wuyar faɗi, domin shi yana da majalisa, ke kuwa sau da yawa ɗaki ne da bango huɗu. Ƙannenki sun yi aure kina gida, kowace baƙuwa ta shigo sai ta ce, "Har yanzu dai shiru?" Ko kuwa auren ya mutu, kin dawo da goyo, ana kallonki kamar ke kaɗai kika kashe shi. Ko kina cikin auren, amma ba mai tambayarki yadda kika kwana. Aure alheri ne, ina kuma roƙa miki na gari. Amma ba ranar ɗaurin aure Allah ya fara lissafa ki cikin mutane ba, ba kuma ranar saki zai cire ki ba. Hajiya Gambo Sawaba an aurar da ita tana da shekara 13, karatunta bai wuce firamare ba, aurenta ya mutu ba sau ɗaya ba, an ɗaure ta sau 16 saboda siyasar NEPU da fafutukar matan Arewa su samu jefa ƙuri'a. Yau babban asibiti a Zariya sunanta yake ɗauke da shi. Ba cewa nake ki zama ita ba. Maƙwabciyar nan tawa ba ta taɓa hawa mumbari ba, amma da keke ɗaya ta raini marayu huɗu, ta kuma tashi wani magidanci daga kwance ba tare da ta sani ba. Ki koyi abin da hannunki zai riƙe, ki koma makaranta in da hali, ko ta Islamiyya ko ta boko, ki kuma nemi mace ɗaya mai amana wadda za ki riƙa buɗe wa cikinki.

Akwai kuma inda duk abin da na faɗa ba zai wadatar ba, kuma a nan nake so ku fi natsuwa. Wani baƙin cikin ya wuce na rashin aiki ko rashin miji, ya zama ciwo a jiki kamar hawan jini. Alamarsa ita ce a yi makonni barci ba ya zuwa, ko ya zo ba ya ƙarewa; abinci ba ɗanɗano; abin da mutum ke so a da ya fita ransa; wanka ma ya zama dutse; zuciya na ta raɗa masa cewa shi kaya ne a kan mutane, gara ba shi. Mai wannan hali ba rago ba ne, kuma ina roƙon iyaye da malamai su daina ce masa raunin imani ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har ganinsa ya tafi, ba wanda ya fi shi tawakkali a zamaninsa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. A yi addu'a, a kuma je asibiti, kamar yadda ake yi wa zazzaɓi. Akwai likitocin wannan fanni a Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Tun farkon 2023 ma Najeriya ta yi sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ajiye tsohuwar ta 1958. In ka je, ka faɗi komai yadda yake, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na san wannan a lokacin da nake kallon bango, da matata da 'ya'yana ba su sha wahalar da suka sha ba.

In kuwa har zuciyarka ta fara kawo maka tunanin kashe kanka, ɗana, 'yata, kada ka kwana da shi kai kaɗai. A daren nan ka tashi mahaifiyarka, ko yayanka, ko limamin unguwa, ko faston cocinku, ko abokin da ka yarda da shi, ka faɗa da bakinka. Ka miƙa musu duk abin da ka tanada don cutar da kanka. Zuciyar da ke ce maka za su huta in ba ka, ƙarya take yi maka. Na zauna a gidajen da hakan ta faru, na ga iyayen shekaru bayan nan, ba wanda ya huta.

Kai kuma da Allah ya ba sauƙi a yanzu, ka duba cikin abokanka wa ya ɓace daga masallaci, wa ya daina ɗaga waya. Kada ka tsaya aika masa saƙon "Allah ya kawo mafita". Ka taka ka je. In ka je kada ka cika shi da wa'azi, ya ji da yawa. Ka roƙe shi wani abu da ka san ya iya: ya raka ka kasuwa, ya duba maka lissafin shago, ya koya wa ƙaninka karatu. In ya ce a'a, ka dawo gobe, kamar yadda yaron nan ya yi ta dawo mini.

Gobe in ka idar da sallar asuba, kada ka koma shimfiɗa. Ka wanke fuska, ka shiga ka gaida mahaifiyarka ko wanda ke matsayinta, ka zauna, ka tambaye ta abin da ya lalace a gidan wanda aka rasa mai gyarawa. Za ta faɗa maka. Ka fara da shi.